Darasi na Bakwai: Shukar Ful da Kaka

Ful wake ne mai faɗi, ya fi namu na gida girma. A Sudan shi ne karin kumallon kusan kowane gida, har gidajen Hausawan Mai Wurno da Gadarif. Ana dafa shi ya yi luguf, a zuba man riɗi da albasa, a ci da burodi. Yawancin ful ɗin da ake nomawa a ƙasar daga arewa yake fitowa, daga gonakin bakin kogin Nilu, wajen Dongola da Barbar da Shandi.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, ful amfanin sanyi ne. Waken gida na son zafi da damina, shi kuwa ful zafi ke kashe shi. Shi ya sa manoman can suke shuka shi da kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, su yi masa ban ruwa. Wanda ya yi gaggawa ya shuka ƙasa na da zafi, sai saiwa ta ruɓe, tsiro ya yi yaushi ya mutu. Wanda ya makara kuma, lokacin fure zai haɗu da dawowar zafi, furen ya kakkaɓe, kwanso ya yi kaɗan. Abin da ake nema shi ne furen ya fito a tsakiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu. Duk sauran aikin da za mu faɗa, in an kuskure wannan lokaci, ba zai rama asarar ba.

Ku yi kunyoyi, tsakanin wannan da waccan santimita 60, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari. Tsakanin rami da rami santimita 20, kusan tsawon tafin hannu. Ku jefa ƙwaya 2 ko 3 a kowane rami, zurfinsa gaɓa biyu ta yatsa. Ku zaɓi iri cikakke wanda ƙwaro bai huda ba. Akwai ingantattun iri kamar Hudeiba 93 da Basabeer, waɗanda masu binciken noma na Sudan suka fitar.

Ban ruwa kusan duk kwana 10 ya isa da farko. Da fure ya fito, ku matso da shi zuwa duk mako, domin ƙishirwa a wannan lokaci ita ce ta fi cutar da shi. Amma kada ruwa ya kwana a gindinsa. Ku cire ciyawa tun cikin wata na farko. Ba ya cin taki da yawa, don saiwarsa na da ƙulli-ƙulli irin na gyaɗa, masu ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Ku riƙa duba kan tsiro. Ƙananan ƙwari masu tsotso a nan suke fara taruwa, a sabon toho. In kwanson ƙasa ya fara fitowa, ku tsinke tohon da suka cika, ku fitar da shi daga gona.

Bayan kamar wata huɗu, kwanso zai yi baƙi ya bushe. Ku yanke, ku shanya, ku casa, ku sheƙe. Ku adana a buhu mai ninki uku ko mazubin da iska ba ta shiga, saboda ƙwaron da ke huda wake ba ya barin ful.

Wani gargaɗi mai nauyi, 'yan uwa: akwai mutanen da jininsu ba ya ɗaukar ful, gado ne, kuma ya fi yawa ga maza. Idan wani ya ci, musamman yaro, kuka ga fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, idonsa ya yi ɗorawa, jikinsa ya mutu, ku kai shi asibiti a ranar, ku gaya wa likita abin da ya ci.