Yadda Ake Binciken Tarihin Ilimi a Sakkwato

Ɗalibin da ya kawo take irin "Tarihin Ilimi a Daular Usmaniyya" ya ɗauko kayan da ba zai iya kaiwa gida ba. Kafin komai, a ɗaure taken da igiya uku: wuri ɗaya, zamani ɗaya, tambaya ɗaya. Misali, yadda wata makarantar zaure a cikin garin Sakkwato ta sauya lokutan karatunta bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Ko kuma yadda jajis, wato malamai mata jagororin 'Yan Taru, tsarin da Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa, suke isar da karatu ga matan ƙauye ta hanyar waƙa. Kuma tun a shafin farko a bambance makarantar allo da makarantar ilimi, domin haɗa su wuri guda yana rikita duk abin da zai biyo baya.

Sai rubuce-rubucen hannu, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. A fara da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sannan gidajen malamai. Mai neman sanin wa ya karantar da wa ba shi da abin da ya fi Ida'un Nusukh na Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu, sai Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello. Kowane kwafi da ka taɓa, rubuta lambarsa, yawan waraƙoƙinsa, sunan mai kwafa, da abin da aka rubuta a ƙarshe.

Ka lura da kyau: shekarar da ke ƙarshen littafi sau da yawa ta mai kwafa ce, ba ta mawallafi ba. Idan da ramzi aka rubuta ta, wato haruffa a madadin lambobi, da lissafin Magaribi, wato na Arewacin Afirka, ake warwarewa, inda harafin shin yake 1000. A lissafin Gabas shin 300 ne, kuma wanda ya ɗauki wannan zai yi kuskuren ƙarni bakwai. Don juya Hijira zuwa Miladiyya, ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1218 za ta ba ka 1803 da ɗoriya, alhali hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu, wadda ta faru a wannan shekarar ta 1218, a watan Fabrairun 1804 aka yi ta. Dalili shi ne shekarar Hijira tana ratsa shekaru biyu na Miladiyya, saboda haka in ba ka san watan ba, rubuta 1803/4.

Waraƙoƙin nan ba a ɗinke suke ba, a sake suke cikin gafaka. Wanke hannu, shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, ka ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya ba tare da fitilar waya ba. In sun cakuɗe, kalmar da mai kwafa ya rataya a ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba.

Takardun Turawa, daga cin Sakkwato a 1903 zuwa 1960, suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, a rukunin takardun lardin Sakkwato da ake kira SOKPROF. Gidan Arewa, wata cibiyar adana takardun tarihi, ma yana nan Kaduna. Rahotannin shekara-shekara suna da amfani, amma duk adadin da ka gani, tambayi kanka wa ya ƙirga, don me, kuma wa aka rubuta wa. Razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, yana rubuta wa na sama da shi ne, ba ya faɗa maka abin da mai unguwa ya ji da aka ce ya ba da ɗansa boko.

Wannan a bakin dattawa ake samunsa. Hira da mutum goma zuwa goma sha biyar ta isa binciken digiri na biyu in an zaɓe su da kyau. Kada ka je kai kaɗai da takardar tambayoyi a hannu. Nemi almajirin gidan ya gabatar da kai, ka zauna ƙasa, ka jira a tashi daga karatu. "Allah ya gafarta Malam, ko za a yarda in ɗauki maganar?" Sai an amince sannan ka kunna na'ura. Tambayar "me ya sa" tun farko tana sa malami ya koma wa'azi. Fara da abin da ake iya lissafawa: wa ya fara sa maka allo, a wurin wa ka karanta Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, shekara nawa kowanne ya ɗauka, me ake ba malami ranar Laraba. Dattijo ba zai ce maka 1945 ba, zai ce zamanin Sarkin Musulmi Abubakar, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Shekara hamsin ke nan, sai ka matse da wata tambayar: kafin mulkin kai ko bayansa? Hirar mata kuwa, mace ce za ta shiga ta yi. Awa ɗaya ta hira tana cin awa huɗu zuwa biyar wajen rubutawa, kuma a daren ya kamata a fara, tun kana tuna sunayen da aka ambata.

A kundin bincike, babin falsafar ilimi shi ne aka fi zalunta. Ana ɗauko ra'ayin wani masanin Turai a cusa Shehu a ciki da ƙarfi. Hanyar da ta dace ita ce ka tunkari nassin da tambayoyi: mene ne amfanin ilimi a wurin mawallafin, wa ya wajaba a koya wa, wane haƙƙi ke kan malami? A Nurul Albab Shehu ya soki malaman da suke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Kawo lafazin Larabcin, ka sa fassararka a ƙarƙashinsa, sannan ka yi sharhi. Kwatanci da masanan waje sai a babin ƙarshe, bayan mai karatu ya ga abin da nassin ya faɗa da kansa.