Yadda ake bin muhawarar Aflatun da Aristo a kan siffa da sani da rai

Aflatun bai yi magana da bakinsa a littattafansa ba. Hirarraki ya rubuta, ya sa malaminsa Sukurat, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekarar 399 kafin Miladiyya, yana ja-in-ja da jama'a. Wata hirar ta kafa hujja, wata ta zo ta girgiza ta. Saboda haka mai neman "ra'ayin Aflatun" a dunƙule wahala zai sha. Aikin shi ne ka ciro kowace hujja, ka jera muƙaddimominta a takarda kamar yadda ake yi a darasin manɗiƙi, sannan ka nemo wadda ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Nemi fassarar da ke da lambobi a gefen shafi. Na Aflatun lamba ce da harafi daga a zuwa e, kamar 74a, daga bugun Stephanus na 1578. Na Aristo daga bugun Bekker ne na 1831. Fassarar da ba ta da su ajiye ta, don duk masu sharhi da su suke nuni. Sai takarda da fensir da rula.

Fara da hirar Meno, gajeriya ce. A 80d Meno ya gitta wa Sukurat cikas: abin da ba ka sani ba, ta yaya za ka neme shi, kuma ko ka ci karo da shi ta yaya za ka gane shi ne? Sukurat ya ce koyo tuni ne, rai ya riga ya sani tun kafin haihuwa, ya kuma gwada da wani yaro bawan Meno (82b zuwa 85b). Kada ka wuce nan ba ka zana ba. Zana murabba'i mai taku 2 a kowane gefe, ka raba shi gida-gida, gida 4 ke nan. Ana neman mai gida 8. Yaron ya ce a mai da gefen taku 4, sai ga gida 16. Ya ce 3, sai ga 9. Amsar ita ce layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa: murabba'in da aka gina a kansa gida 8 ne cif. To yanzu koma ka ja layi a ƙarƙashin kowace tambayar Sukurat, ka ga nawa ne suka zo da amsarsu a ciki. Ko ka yarda yaron da kansa ya gano, abin da aka nuna shi ne hankali yana iya kaiwa ga gaskiyar lissafi. Cewa ya san ta kafin a haife shi ƙari ne da gwajin bai tabbatar ba.

Hirar Phaedo ce za ta fi cin lokacinka, kuma ta cancanta. Ranar ƙarshe ce ta Sukurat a kurkuku, ana neman hujjar cewa rai ba ya mutuwa. A nan siffofin asali suka fito sarai, wato cikakkun ma'aunai irin su Daidaito da Girma, waɗanda hankali ke riska, ido ba ya gani, abubuwan da muke gani kuma kwaikwayonsu suke yi. Rubuta hujjar 74a zuwa 75c haka:

1. Mukan ga sanduna biyu mu ce daidai suke, amma ba su kai cikakken daidaito ba.
2. Ba ka gane gazawar abu sai ka riga ka san ma'aunin da ya gaza kaiwa.
3. Ido bai taɓa ganin Daidaito kansa ba.
4. Tun daga haihuwa muke gani da ji.
Natija: rai ya san Daidaito kafin haihuwa.

A muƙaddima ta biyu za ka matsa. Me zai hana hankali ya ƙera ma'aunin da kansa bayan ya ga sanduna da yawa? Ta wannan ƙofar Aristo ya bi daga baya. Ka lura kuma ko hujjar ta tsaya, rabin aiki ta yi: ta nuna rai ya gabaci jiki, ba ta nuna zai wanzu bayansa ba. Abokan hirar ma sun faɗi haka a 77b da c.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake sukar abokan hirar, Simmiyas da Kebes (85e zuwa 88b), don a gaggauta zuwa inda Sukurat ya sha dafin da aka yanke masa. Simmiyas ya ce wataƙila rai kamar daɗin amon abin kiɗa mai tsirkiya ne: ba a ganinsa, ba a taɓa shi, amma da an fasa katakon ya tafi. Kebes ya kawo masaƙin da ya kashe riguna da yawa a rayuwarsa, amma ya mutu ya bar rigar ƙarshe. Wato rai yana iya fin jiki ƙarko, ya kuma ƙare wata rana. Don amsa Kebes aka kawo hujjar ƙarshe (102a zuwa 107a): uku kullum mara ce, ba ta karɓar zama cika, wuta kullum da zafi take zuwa, ba ta karɓar sanyi, rai kullum da rayuwa yake zuwa, don haka ba ya karɓar mutuwa. A nan ka tsaya ka yi tambaya. Wuta ba ta zama mai sanyi, gaskiya ne, amma in sanyi ya zo tana iya gushewa gaba ɗaya. Me ya hana rai gushewa haka? Duba 106d, ka ga yadda aka amince a 'yan layuka cewa abin da ba ya mutuwa ba ya halaka. A ganinmu nan ne ɗinkin ya fi rauni a dukan littafin.

Daga littafin Aflatun mai suna Jamhuriya ɗauki wuri uku kawai a karon farko. Littafi na 4 ya raba rai uku: hankali, zuciya mai fusata, da sha'awa, hujjarsa kuwa mai ƙishin da ya hana kansa sha. Ajiye wannan kusa da Phaedo 78b zuwa 80b, inda aka kamanta rai da abin da ba shi da sassa, ka ga ko sun jitu. Sai layin da aka raba huɗu don nuna matakan sani (509d zuwa 511e): inuwa, abubuwan da ake gani, lissafi, siffofin asali. Bayansa ne za ka shiga labarin kogo a 514a, na ɗaurarrun da ke ɗaukar inuwa a matsayin gaskiya. Mutane da yawa da kogon suke farawa, a nan kuma suke tsayawa, alhali misali ne, ba hujja ba.

Yanzu hirar Parmenides, daga 130a zuwa 135c, ka dakata nan, sauran sai an ƙware. Aflatun ne da hannunsa ya sa dattijo Parmenides ya titsiye Sukurat yana saurayi. Gashi da taɓo da dauɗa, su ma suna da siffar asali? Sai babbar suka a 132a, wadda ake kira hujjar mutum na uku. Manyan abubuwa sun zama manya ne saboda siffar Girma. Girma shi ma babba ne. Siffa kuma daban take da abubuwan da suka samu rabo daga gare ta. To in an haɗa Girma da manyan abubuwa, ana buƙatar wani Girman a samansu, haka har ba iyaka. Gwada cire muƙaddima ɗaya-ɗaya ka ga asarar da za a yi. In ka ce Girma ba babba ba ne, ta yaya ya zama abin kwaikwayo? Duk da haka Parmenides ya rufe da cewa wanda ya ƙi siffofin ɗungurungum ya rushe ikon yin muhawara. Littafin Theaetetus kuwa ya gwada ma'anar sani sau uku, tsinkayen gaɓoɓi, zato mai dacewa, da zato mai dacewa tare da bayani, ya watsar da duka ukun.

Aristo ya shekara 20 a makarantar Aflatun, sukarsa ta ɗan gida ce. A Metaphysics, littafin A babi na 9, ƙorafinsa shi ne siffar da ke ware daga abubuwa ba ta bayyana motsinsu ko samuwarsu. A wurinsa siffa cikin abu take. De Anima, littafinsa a kan rai, littafi na 2 babi na 1 ya ɗora wannan a kan rai: rai siffar jiki mai rayuwa ne. Da ido dabba ne, in ji shi, da gani ne ransa, tambayar ko rai da jiki abu ɗaya ne kuwa kamar tambayar kaki ne da zanen hatimin da ke kansa. Kada ka yi saurin yanke cewa ya ce komai yana ƙarewa da mutuwa. Littafi na 3 babi na 5, wanda bai cika shafi ba, ya ambaci wani hankali da ke rabe, marar mutuwa, kuma Ibn Sina da Ibn Rushd kowa da yadda ya fahimce shi.

Mai karatu ta Larabci ya kiyaye abu ɗaya. Littafin da aka sani da Usulujiya na Aristo, wanda aka fassara a da'irar malamin falsafa al-Kindi a ƙarni na 9, ba na Aristo ba ne. An tsamo shi ne daga rubuce-rubucen Aflutin, mabiyin tafarkin Aflatun da ya zo bayan Aristo da kusan ƙarni shida. In ka ga Aristo a can yana maganar rai yana saukowa daga sama, auna maganar da De Anima kafin ka jingina masa ita.