Darasi na 9: Yadda Ake Amfani da "Give Up"

Ɗalibi ya san give na nufin bayarwa, ya kuma san up na nufin sama. Sai ya ci karo da jimlar "He gave up smoking", ya tsaya yana laluben abin da aka miƙa sama. Babu shi. Idan kalmomin nan biyu suka haɗu, wata ma'ana daban suke haifarwa, don haka ku haddace su tare tamkar kalma ɗaya.

Ma'anar da za ku fi yawan ji ita ce daina abin da mutum ya saba. Jimlar can ta sama cewa take ya daina shan taba. Ku lura da wutsiyar smoking: duk aikatau da ya biyo bayan give up sai ya ɗauki -ing. Wanda ya ce "gave up to smoke" ya yi kuskure.

Ta biyun ita ce na fi so ta zauna muku, domin ta shafi duk wanda ya dawo karatu da girmansa. Mace tana koyon rubuta sunanta, harafi ya ƙi zama a kan layi, ta goge har takarda ta huje. Ta ajiye fensir ta ce, "I give up", wato na haƙura, na gaza. Malamarta ta mayar mata da fensirin a hannu ta ce, "Don't give up", kar ki karaya. Haka ma idan kacici-kacici ya gagari mutum, inda za mu ce "na ba ka gari", Bature "I give up" zai ce. In aka ƙara on kuwa, magana ta yi nauyi: "They gave up on him" na nufin sun fid da rai da shi.

Ana kuma cewa "She gave up her seat", ta bar wa wani kujerarta, ko "He gave himself up", ya miƙa kansa ga hukuma.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne it. Tsakiya take shiga: "give it up" ake cewa, ba "give up it" ba. Idan abin ya riga ya wuce, give ce kaɗai ke sauyawa zuwa gave, ko given bayan have da has, up kuwa tana nan yadda take.

Aiki: kowa ya rubuta jimla 2 da Turanci, ɗaya kan abin da ya daina, ɗaya ta ƙarfafa wa na kusa da shi gwiwa, sannan ya karanta masa da babbar murya.