Darasi na Tara: Yadda Ake Gane Halin Babbar Lamba

Ku ɗauki fensir ku rubuta 86,400. Kada tsawonta ya razana ku. Ku ƙirgo gurbi uku daga hannun dama, nan waƙafi yake zaune, abin da ke hagunsa kuwa dubbai ne. Sai a karanta: dubu tamanin da shida da ɗari huɗu.

Wannan shi ne adadin daƙiƙoƙin da ke cikin kwana ɗaya. Awa 24 sau minti 60 ya ba da minti 1,440, sau daƙiƙa 60 kuma ya kai 86,400. Ƙirgen sittin-sittin ɗin nan tun daga mutanen Babila na dā aka gaje shi.

Abu na farko, a dubi wutsiyar lamba. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce, wato tana rabuwa biyu ba saura. In ba haka ba, mara ce. Tamu ta ƙare da sifili, don haka cika ce, kuma 5 da 10 suna raba ta. Da yake sifilin har biyu ne, 100 ma yana shiga daidai, sau 864.

Dabarar da na fi so ku riƙe ita ce ta tara lambobin: 8 da 6 da 4 sun zama 18. Tunda 9 tana raba 18, to lallai tana raba 86,400, ba sai kun yi dogon lissafi ba. Ku gwada, za ku sami 9,600 cif. Haka ma 3. Ni dai har yau wannan dabara tana burge ni, ƙaramin tarawa ya tona asirin lamba mai gurbi biyar.

Akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7 da 11. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su. Mu rushe tamu mu gani. Ku yi ta raba ta biyu: 43,200, 21,600, 10,800, 5,400, 2,700, 1,350, 675. Sau bakwai ke nan, kuma nan biyu ta tsaya domin 675 mara ce. Uku ta karɓa sau uku: 225, 75, 25. Biyar ta ƙarasa sau biyu. Ashe tubali iri uku kacal aka gina ta da su, amma lambobi 96 ne ke raba ta ba saura. Shi ya sa kwana ke yankuwa rabi, sulusi, rubu'i ko sudusi ba tare da guntun daƙiƙa ba.

Bakwai kuwa ba ta shiga, ana rage saura 6. Ƙara ɗaya kawai, 86,401, sai ta shiga sau 12,343.

Aikin gida: mintocin mako guda 10,080 ne. Cika ce ko mara? Shin 9 tana raba ta? To 7 fa, kuma me ya sa?