Biki a tsibiri: ku bar mai girki ya bi kasuwar wurin

Masu shirin aure a tsibiri, kada ku kai wa mai girki jerin abincinku. Ku tambaye shi abin da masunta da manoma ke kawowa a watan bikin.

Duk abin da jirgi ya shigo da shi, ku za ku biya kuɗin dakonsa. Kifi, kwakwa, rogo da ayaba kuwa a nan suke. A tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, shinkafar pilau mai kanumfari da kirfa ta isa fitar da ku kunyar baƙi.

Sai dai ranar da teku ta hargitse masunta ba sa fita, don haka ku tanadi kaji.

Miyar kwakwa kada ta wuce awa 1 a ajiye cikin zafin rana, saurin lalacewa gare ta. Babban kifin barakuda kuma ku haƙura da shi, yakan ɗauki gubar da dahuwa ba ta kashewa.