Yadda Jiha Za Ta Farfaɗo da Aikin Malaman Gona

Tsarin malaman gona da ake da shi yau a Najeriya ya samo asali ne daga ayyukan raya noma da aka buɗe a Funtua da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya, daga baya kowace jiha ta kafa tata hukumar, irin su KNARDA a Kano da KTARDA a Katsina da JARDA a Jigawa. A wancan zamani malamin gona yana da babur, yana da ranakun ziyara da aka tsayar masa, kuma duk mako biyu ana tara shi da abokan aikinsa a koya musu abin da za su kai wa manoma. Da rancen ya ƙare cikin shekarun 1990 nauyin ya dawo kan jihohi, sai albashi ya ci gaba da fita, kuɗin shiga ƙauye kuwa ya tsaya. Duk mai son gyara, kwamishina ne ko manajan hukuma ko ɗan majalisa da ke kwamitin noma, ya kamata ya gane cewa ciwon yana wajen shugabanci da tafiyar da kuɗi, shi ya sa ɗaukar sababbin ma'aikata, wanda da shi aka saba farawa, ya zo a ƙarshen matakan nan.

Abin farko shi ne a san waɗanda ake da su. A tantance ma'aikatan hukumar ɗaya bayan ɗaya, a rubuta inda aka tura kowa da inda yake kwana a zahiri, da fannin da ya karanta, da shekarar da zai yi ritaya, tunda dokar aikin gwamnati ta tsayar da shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka horar a zamanin rancen sun riga sun bar aiki. Kada a dogara da takardun hedikwata kaɗai. A tambayi dagaci da sarkin noma da manoman kowace mazaɓa ko sun san malaminsu, da kuma ranar da suka yi masa ganin ƙarshe. A haɗa cikin lissafin duk masu ba manoma shawara da ba na hukumar ba, kamar jami'an Sasakawa, ƙungiyar nan mai tallafa wa manoma da ke aiki a ƙasar tun 1992, da waɗanda suka yi aiki da shirin Fadama, da wakilan kamfanonin iri, da matasan da suka shiga N-Power Agro, ɓangaren noma na shirin samar wa matasa aiki, daga 2016. Sau da yawa za a tarar ƙauyukan bakin titi suna da masu ziyara uku ko huɗu, na cikin lungu kuwa ba su da ko ɗaya.

Daga nan sai batun kuɗi, kuma a nan ne gyaran ke tsayuwa ko ya rushe. A ware wa aikin fita gona layinsa na daban a kasafin kuɗi, kada a cusa shi cikin albashi ko cikin kuɗin gudanarwar ofis, domin abin da aka cusa shi ake fara yankewa idan aljihun gwamnati ya yi ƙasa. Layin ya ƙunshi mai da gyaran babur, da irin shuka da takin gonar gwaji, da kuɗin taron horaswa, da katin waya. Muhimmi fiye da yawan kuɗin shi ne lokacin sakinsa. Baitulmali yana bin kalandar kasafi, gona kuwa tana bin ruwan sama, kuma kuɗin gonar gwaji da aka saki a watan Agusta asara ce ko da an biya shi cif, saboda manoma sun gama shuka sun yi noman farko. Don haka a raba sakin gida uku, wato na damina ya fita kafin ƙarshen Afrilu, na kaka da ajiyar amfanin gona cikin Satumba, na noman rani kuma kafin Nuwamba. Alawus ɗin mai ya tafi kai tsaye asusun bankin malamin, kada ya bi ta hannun shugabanni daki-daki har ya iso rabi. A guji bikin rabon babura idan ba a tanadi kuɗin mai na shekara ba, domin hakan tamkar a ba manomi garma ne a hana shi shanun huɗa. Idan da hali, majalisar dokokin jiha ta sanya wannan tsari cikin dokar da ta kafa hukumar, don kada ya mutu da canjin gwamnati.

Mataki na gaba ba zai yi wa wasu 'yan siyasa daɗi ba, amma ba makawa: a raba malamin gona da rabon taki. Da zarar an ba shi riƙon jerin sunayen waɗanda za su samu taki mai rangwame, manomin da bai samu ba zai ɗauke shi maƙiyi, wanda ya samu kuma zai riƙa zuwa wurinsa don buhu, shawara ta koma gefe. Shirin tallafin da gwamnatin tarayya ta fara a 2012 lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, wanda ya bi ta wayar salula da dillalan kayan gona, duk da matsalolinsa ya nuna ana iya isar da tallafi ba tare da ma'aikacin gwamnati ya riƙe buhu ba. Aikin malami shi ne ya nuna yawan takin da za a sa, da lokacin sa shi, da yadda ake binne shi gefen shuka maimakon watsawa.

Sai kuma a warware wanda ke da iko da wane aiki. Cibiyoyin bincike na tarayya ne, hukumar raya noma ta jiha ce, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da sashen noma nata, tunda tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a harkar noma, ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. A rubuta yarjejeniya a fili: jiha ta ɗauki horaswa da sa ido da tantance saƙon da za a kai wa manoma, ƙaramar hukuma ta ba da ofis da filin gwaji da wani kaso na kuɗin zirga-zirga. A kowace mazaɓa a kafa kwamitin manoma wanda shi zai sa hannu a littafin ziyarar malami kafin a biya shi alawus, a kuma tabbatar akwai mata da makiyaya da masu noman rani a cikinsa, in ba haka ba manyan manoma uku ko huɗu za su mallake malamin. Wajen auna ƙwazonsa, yawan ziyara bai isa ba. A duba manoma nawa suka sake amfani da dabarar a shekara ta biyu da kuɗinsu.

Malamin da ba a sabunta iliminsa ba, abin da manomi ya riga ya sani zai maimaita masa. A dawo da taron wata-wata tsakanin malaman hukumar da masu bincike na cibiyar binciken aikin gona (IAR) da ta yaɗa dabarun noma (NAERLS) a Samaru, da cibiyar NAPRI a Shika kan dabbobi, da Cibiyar Binciken Tafkin Cadi a Maiduguri kan gero da alkama, kuma a kawo hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara kafin a zaɓi irin da za a ba da shawarar shukawa. Shekarar 2016 ta nuna buƙatar wannan hanya, lokacin da baƙuwar tsutsa ta faɗa wa masara, wani ƙwaro kuma ya cinye tumatir a Kano da Kaduna, manoma suka yi ta sayen maganin feshi barkatai bisa shawarar mai shago. Sai dai kada a kwafo tsohon tsarin horo da ziyara na zamanin rancen yadda yake, domin yana da tsada, kuma saƙo ɗaya yake saukowa daga sama ga mai hekta goma da mai rabin eka. A ba kashin farko na kowane taro ga ƙorafin da malamai suka kwaso daga gona, ko na ƙudiji ne ko na jabun iri.

Da yake malami ɗaya yana fuskantar dubban iyalai, dole a ninka hannunsa. Ya horar da manoman da jama'a suka zaɓa da kansu, kowanne da ƙaramar gonar gwaji a inda masu wucewa za su gani, rediyo kuma ya biyo da shiri a lokacin da ake yin aikin da ake magana a kai. Mata malaman gona su ne kaɗai ke iya shiga gidajen kulle, inda ake kiwon awaki da kaji da sarrafa gyaɗa da adana wake, kuma ta hannunsu ne abu irin buhun nan mai leda biyu a ciki, da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, zai isa ga masu buƙatarsa. Dillalan kayan gona a yi musu rajista a horar da su, amma a tuna mai sayar da magani ba zai ce kada a yi feshi ba.

Bayan duk wannan ne ake ɗaukar sababbin ma'aikata. A ɗauko su daga kwalejojin aikin gona, 'yan asalin yankin da za su zauna a cikinsa, a kuma ɗauke su kashi-kashi gwargwadon kuɗin zirga-zirgar da aka tanada, kowanne ya yi damina guda tare da tsohon malami kafin a ba shi nasa ƙauyukan. A fara gwada tsarin gaba ɗaya a shiyya ɗaya na tsawon damina biyu da rani ɗaya, a gayyaci wata cibiya daga waje, kamar NAERLS da ke binciken amfanin damina duk shekara, ta auna sakamakon, a karanta rahoton a gaban kwamitocin manoma da kwamitin majalisa kafin a shigar da sauran shiyyoyi cikin kasafin shekara mai zuwa.