Yadda ake rage rassan bishiya da ƙaramin zarton lantarki

Ƙaramin zarto mai sarƙa da batir, wanda tsawon harshensa, wato ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai, ke tsakanin inci 4 da 8, an yi shi ne don rassan da suka fi ƙarfin almakashin lambu amma ba su kai a ɗauko masu babban injin yankan katako ba. Mai inci 6 yana cin reshe mai kaurin santimita 10 cikin sauƙi. Tsinken da bai kai kaurin babban yatsa ba kuwa, ka bar wa almakashi, domin sarƙa fizgarsa take yi ta watso maka shi a fuska.

Wurin saye, kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Batirin da aka rubuta wa 18V da mai 20V da mai 21V duk ƙwayoyi biyar ne a jere, wajen awo kawai suka bambanta. Abin dubawa shi ne Ah, ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka: mai 4Ah zai yi kusan ninkin aikin mai 2Ah kafin ya nemi caji.

Kafin ka taɓa sarƙa, cire batir. Wannan doka ce a duk lokacin da hannunka zai kusanci haƙora. Ɗaga sarƙar daga tsakiyar harshe da yatsu biyu: ta ɗago kamar milimita 2 zuwa 3, ƙafafunta na ciki ba su fita daga kwarin harshen ba, kana saki kuma ta koma da kanta. Idan tana lilo a ƙasa, sassauta notin da ke riƙe da murfi, ka juya sukurun ɗaurewa kaɗan-kaɗan, sannan ka mayar da notin. Sabuwar sarƙa tana miƙewa, don haka sake duba ta bayan yanka biyar ko goma na farko. A kuma ɗaure ta tana sanyi. Wadda aka tamke da zafi tana takurewa in ta huce, ta riƙa jan ƙarfen injin zarton. Haƙoran da ke saman harshe bakinsu gaba yake kallo. Yawancin masu kukan sabon zarto ba ya yanka, sarƙar suka sa a baibai.

Da yawa daga ƙananan zartunan nan ba su da tankin mai, sai dai ka ɗiga da hannu: ɗigo uku ko huɗu a kan sarƙa bayan kowane minti goma na aiki. Man sarƙa ya fi, domin yana da danƙo. In babu, sabon man inji zai riƙe ka na ɗan lokaci. Baƙin man da aka juye daga mota ko janareta cike yake da garin ƙarfe, cinye harshen yake yi.

Sa tabarau na kariya, safar hannu mai kauri da takalmi sau-ciki. Babbar riga, jelar rawani da mayafi duk a ajiye su gefe. Kewaya bishiyar ka ɗaga kai: akwai wayar wuta? Reshen da ke tsakanin mita 3 da waya ba aikinka ba ne, wutar lantarki tana bi ta ɗanyen ice. Duba gidan rina da na zuma, ka kori yara da dabbobi daga ƙarƙashi. Hawa tsani da zarto mai sarƙa ganganci ne, haka ma yanka sama da kafaɗa. Don rassan sama akwai mai doguwar sanda, shi ma a karkace ake tsayawa da shi, ba daidai inda reshen zai faɗo ba.

Nauyin reshe shi ke ɓata aiki. Idan ka fara yanka reshe mai nauyi daga sama a gindinsa, kafin ka gama zai karye, ya ɓare ɓawon jikin bishiyar ya yi ƙasa da shi, ya bar rauni mai tsawo da ruwa da gara za su bi. Shi ya sa duk reshen da ya wuce kaurin santimita 5 sau uku ake yanka shi. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 30 daga jikin bishiya, zurfinsa kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Ka wuce haka reshen zai sunkuyo ya matse harshen. Na biyu daga sama, santimita 5 gaba da na farko ta wajen ganye, har reshen ya faɗi. Ɓarewar ɓawo za ta tsaya a yankan ƙasa. Na uku shi ne cire guntun da ya rage, kuma nan ne gwaninta take. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi mai kama da zobe. Yanka dab da shi ta waje, kada ka share shi, domin daga nan bishiya ke fitar da naman da zai rufe raunin. Ka share shi, raunin ya yi faɗi ya daɗe bai warke ba. Ka bar dogon dungu kuma, ya bushe ya ruɓe, ruɓar ta shige cikin kututture. Shafa fenti ko kwalta a kan wurin ba ya ƙara komai, sau da yawa danshi yake kullewa a ciki.

Bari sarƙa ta kai cikakken gudu kafin ta taɓa ice. Jingina gindin harshen da reshe, ka bar zarton ya ci da kansa ba tare da dannawa ba. Ka kiyayi saman ƙarshen harshe: in ya taɓa wani abu zarton yakan yi harbi kamar jaki, ya dawo wajen fuskarka. Babban haɗarin waɗannan ƙananan shi ne rashin nauyinsu, mutum ya riƙe zarto da hannu ɗaya, reshe da ɗayan. Hannu biyu a kan zarto, ko kuma ɗayan ya yi nesa da layin yanka sosai.

A shekara guda kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya. Mangwaro da an gama tsinke 'ya'ya ake rage shi. Ka bari sai sanyi ya kusa, kan rassan da za su yi fure ka zubar. Ƙaronsa yana sa wasu ƙaiƙayi, a wanke da sabulu. Darbejiya tana jure aski mai yawa, kuma gara a rage wadda ta hau kan kwano kafin iskar farkon damina. Lemu kaɗan ake taɓa shi, don rana tana ƙona ɓawon reshen da aka yaye wa inuwa. Bayan bishiya mai ciwo, goge harshe da sarƙa da sifirit kafin ka matsa ga ta gaba.

Rassan da suka zube a tsakar gida su suka fi kashe sarƙa, domin taɓa ƙasa sau ɗaya ya isa ya dakushe haƙora. Ɗora reshe a kan wani kututture yadda ƙarshensa zai yi lilo, ka yanka abin da ya zarce, gutsure-gutsuren santimita 40 idan na murhu ne. Icen da ya kwanta a kan abu biyu, ka yanka tsakiyarsa daga sama, matse harshe zai yi. Yi kashi ɗaya cikin uku daga sama, ka ƙarasa daga ƙasa. In harshen ya maƙale, saki maɓalli, cire batir, ka ɗaga icen da sanda. Fizga tana lanƙwasa harshen. Tsohon tsibin rassa a tona shi da manjagara tukuna saboda maciji da kunama, a kuma duba ƙusa da waya a jikin icen shinge.

Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take zubarwa. Ka ga gari mai laushi, ko hayaƙi, ko yanka yana karkacewa gefe guda, ta dakushe. Zagayayyen magagari ake wasa ta da shi, milimita 3.2 ga yawancin ƙananan sarƙoƙi masu tazarar rubu'in inci, a kusurwar digiri 30, daga ciki zuwa waje, shafa uku ga kowane haƙori daidai wa daida. Idan zarton ya tsaya cak ana tsaka da aiki, galibi zafi ne ya sa kariyar batir ta yanke wuta. Ajiye shi a inuwa na minti 15 zuwa 20, kada kuma ka sa batir mai zafi a caji. Bayan aiki buɗe murfi ka goge dusar da ta cakuɗe da mai da tsohon buroshi. Batirin da zai daɗe a ajiye, a bar shi da rabin caji, a ɗaki mai sanyi, nesa da kwanon rufi.